Wuƙar Nababa

Na sayi wuƙa mai naɗewa a hannun Nababa maƙeri ranar Alhamis, a kasuwar Lafiya. Saura kwana biyu bikin 'yar Iorchia.

Iorchia maƙwabcina ne. Tibi ne, Kirista. Shekara talatin da ɗaya gonarsa da tawa suna haɗa iyaka a hanyar Agyaragu. Tun zuwansa, duk dabbar da za a ci a gidansa ni nake yankawa. Ba shi kaɗai ba. Duk Kiristan unguwarmu da zai yi biki ko suna, sai ya aiko a kira ni, don Musulmin da ya gayyata su ci hankali kwance. In aka ajiye kwano gaban mutum, tambaya ɗaya yake yi: wa ya yanka? In aka ce Babandi, sai ya wanke hannu. Ba a biyana. Wuyan dabbar ake ba ni, shi ke nan.

Ban yi karatu mai nisa ba. Izu biyu na yi aka mai da ni gona. Amma yanka a hannun mahaifina na koya, kuma bai koya mini da wasa ba. A fuskantar da dabba alƙibla. A ambaci sunan Allah. A yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu, zakaran wuya ya bi kai. Abin da ya fi nanatawa shi ne, in ka ɗora wuƙa ba ka ɗagawa sai ka gama. In ka ɗaga ka sake komawa, mushe ka yi. Na ji wasu malamai suna cewa akwai sauƙi in an koma nan take. Wannan nasu ne. Ni abin da aka koya mini na riƙe.

Sati uku kafin bikin na tashi yanka zakara a gidana. Na take ƙafafunsa da fukafukansa, na riƙe kan, na ɗora wuƙa. Hannuna ya zabura. Ban san yadda aka yi ba, sai na ga wuƙar a sama, zakaran yana shure-shure da rabin wuya. Na koma na ƙarasa shi don kada ya wahala. Sabuwa matata tana tsaye da tukunyar ruwan zafi.

Na ce, "Wuƙar ce ta dakushe."

Ta ajiye tukunyar.

Na ce, "Ba za a ci shi a gidan nan ba."

Ta ce, "To, Malam."

Daga baya na ji ta aika da shi gidan Iorchia, da gashinsa da komai. Ban yi mata faɗa ba. Ban kuma sake yanka ko tantabara ba har ranar da na tafi kasuwa.

Nababa sa'ana ne, tare aka yi mana kaciya. Na same shi a rumfarsa yana gyara bakin wata garma. Ya ɗago ya dube ni.

Ya ce, "Kai Babandi, kana nan da rai?"

Na ce, "Jana'izarka na zo, na tarar ba ka shirya ba."

"Zauna ka jira. Sai na rufe ka tukuna."

Na zauna a kan kututture. Na zaro tsohuwar wuƙata daga kube na miƙa masa. Wuƙa ce mai nauyi, a Keffi na saye ta tun ina da baƙin gashi. Wasawa ta cinye cikinta har ta lanƙwashe kamar lauje.

Na ce, "Ta dakushe. Wata nake so."

Ya juya ta. Ya shafa bakinta da babban yatsa. Ya ɗora ta a kan damtsensa ya ja, gashin ya zube a kan zaninsa.

"Wannan ce ta dakushe?"

"Na ce ta dakushe."

Ya dube ni. Ya dubi hannuna da ke kan gwiwa. Na ɗauke hannun na sa a aljihu. Ya tashi ya shiga ƙuryar rumfar, ya fito da wani tsumma a naɗe, ya warware shi a kan cinyarsa.

Da farko na ɗauka guntun itace ne. Tsawonta bai wuce tafin hannuna da ɗan ƙari ba. Ya sa farce a wani ɗan tsagi a jikin ƙarfen, ya ja. Ta buɗe, ta ce ƙas.

Ya ce, "Ƙarfen sifirin motar tifa ne. Kwana uku ina kanta. Ƙotar itacen ƙirya ce. Ba ta son kube, ita ce kuben kanta."

Na ce, "Wuƙar samari."

"Wuƙar mai aljihu. Ko rigarka ba ta da shi?"

"In ina tsakiyar yanka ta naɗe mini yatsu fa?"

Ya juya mini bayanta. Wani siririn ƙarfe ya bi ta gadon ƙotar, da ɗan zobe a bakinsa.

"Ba ta naɗewa sai ka ja zoben nan. In ta naɗe da kanta, ka kawo mini yatsun, ni zan ɗinke maka."

Na biya. Ya mai da mini tsohuwar, na ce ya riƙe ta ya yi abin da ya ga dama da ƙarfen. Ya ce zai ajiye mini, ko zan dawo nema. Na ce ba zan dawo ba.

A hanya ina jin ta a aljihu, tana bugun cinyata. Shekara arba'in ina rataya wuƙa a ɗamara, kowa yana gani. Wannan kuwa ba wanda ya san ina ɗauke da ita. Na wuce masu lodin doya a bakin tasha, suka gaishe ni, wani ya ce, "Baba, jibi muna gidan Iorchia, a yanko mana mai kitse." Na ɗaga masa hannun hagu na wuce.

Da na isa gida na yi la'asar, na ɗauki kujera na zauna gindin mangwaro. Sai a lokacin na dube ta da kyau, ba idon Nababa a kaina.

Aiki ne mai kyau. Ba na yabon abu don na saye shi, amma wannan ta isa yabo. Ƙotar ja ce mai duhu, an goge ta har ba inda yatsa ke tuntuɓe. Ƙusoshi uku na tagulla suka riƙe ta, an daddale kansu sun yi daidai da itacen. Tana ƙamshin man kaɗe da gawayin maƙera. A naɗe ba ta da wata alamar mugunta. Yaro zai iya ɗaukarta ya yi wasa.

Na sa farce a tsagin. Ya zame. Na sake sawa, ya sake zamewa. A na uku ta buɗe. Na ce sabuwa ce, ƙarfen bai saki ba.

Ruwan wuƙar fari ne tas, ba tsatsa ko ɗigo. Bayanta da kauri, bakinta siriri har ba a ganinsa in ka fuskanto shi. A kusa da ƙotar Nababa ya buga alamarsa, ɗigo uku. Na girgiza ta in ji ko mahaɗin yana motsi. Ba ya motsi. Na danna bayanta a kan ƙafar kujera da ƙarfina, ba ta naɗe ba. Na ja zoben, ta kwanta cikin ƙotar kamar ba ta taɓa fitowa ba.

Na gwada ta a kan ganyen kaba, ta raba shi biyu ba ƙara. Na gwada a kan igiyar rama, ja ɗaya. Na ɗauko ƙaramar doya a rumfa na yanka ta gunduwa-gunduwa kamar za a shuka. Fuskar kowane yanki ta fita sumul, ba tsaga. Tsohuwar wuƙata sai na danna. Wannan ɗorawa kawai take so.

Abu ɗaya na lura da shi. Ba ta da nauyi. Tsohuwar in na riƙe ta, nauyinta yana jan hannuna ƙasa ya zaunar da shi. Wannan kuwa duk abin da hannu ya yi, shi take yi. Na miƙe hannuna da ita a buɗe. Rana ta haska ƙarfen, hasken ya tafi ya sauka a bangon ɗakin Sabuwa. Na tsaya ina kallonsa. Yana rawa. Na riƙe numfashi, yana rawa. Na dafe gwiwar hannun da hagu, ya ragu, bai tsaya ba. Na mai da wuƙar hannun hagu, hasken ya tsaya cik a wuri ɗaya.

Na daɗe a haka. Na yi tunanin yanka da hagu. Ban taɓa gani ba, ban kuma taɓa jin mahaifina ya ambata ba. Hannun da ban taɓa cin tuwo da shi ba, ba zan fara ɗora shi a wuyan dabbar mutane ina da shekara saba'in da biyu ba.

Sabuwa ta fito da tsintsiya. Ta ga yankakkiyar doya a ƙasa.

Ta ce, "Malam, shuka za a yi a watan nan?"

"Gwaji nake yi."

"Ta yi kaifi?"

"Ta yi."

Ta tattara doyar a zaninta. "To bari in dafa, kada ta lalace." Ta yi taku biyu ta tsaya. "Sha'aibu ya aiko da rigarka, ya gama ɗinkin. Ya ce shi ma zai je gidan Iorchia jibi."

"Kowa zai je."

"Ya iya yanka. Shi ya yi wa maƙwabtanmu su Doofan ranar da ka tafi Arikya."

"Na tambaye ki?"

"A'a, Malam."

Ta shiga madafa. Na naɗe wuƙar na sa a aljihu.

Sha'aibu tela ne, ya haura hamsin. A sahun bayana yake salla. Ba ni da abin faɗa a kansa, sai dai yana da gaggawa, kuma yana yawan dariya a inda bai kamata ba.

Ranar Juma'a na tafi masallaci da ita a aljihu. Ina zaune ana huɗuba, hannuna yana kanta. Na riƙa cewa a raina akuya ba zakara ba ce. Wuyan akuya yana da faɗi, akwai wurin da wuƙa za ta zauna. Mutum biyu za su danne ta. Wuƙa mai kaifi irin wannan, ja ɗaya ne, kafin hannun ya tuna da rawarsa an gama. Da na dawo na fere lemo da ita. Ɓawon ya fita a haɗe tun daga sama har ƙasa, sau ɗaya kawai ya tsinke. Na ji daɗi. Na ce wa kaina gajiya ce kawai, da rashin cin abinci da safe.

Ranar Asabar na karya da kunu da ƙosai, na ƙoshi. Na sa sabuwar riga na tafi da hantsi.

Gidan Iorchia ya cika. Mata suna ta daka doya, turmi huɗu a jere. An kafa rumfar ganyen kwakwa. Can bayan gidan ƙanensa aka kai aladen bikin da tukwanensa, kamar yadda yake yi kullum, don kada cokali ya haɗu da cokali. A nan tsakar gida akuya uku ne a ɗaure gindin dinya, da kaji a cikin kwando. Amarya Hembadoon ta fito da ɗankwali a kai, ba a gama yi mata kitso ba, ta durƙusa.

Ta ce, "Baba, sannu da zuwa. Tun asuba babana yake leƙa hanya."

"Allah ya ba da zaman lafiya. Mijin ya san ke ba kya jin magana?"

"Ya sani, Baba. Ya ce zai gwada."

Ni na yanka ragon sunanta. Ni na yanka akuyar ranar da ta gama makarantar horon malamai.

Iorchia ya taho da zanensa mai baƙi da fari a kafaɗa. Gajere ne, ƙafarsa ɗaya tana ja tun da maciji ya sare shi.

Ya ce, "Tsoho, ka makara. Akuya ya gaji da jira, ya ce zai koma Gboko."

"Ka ce ta jira. Ba a gaggawar mutuwa."

"Ina wuƙanka? Ban gani a ƙugu ba."

Na fito da ita. Ya karɓa ya juya.

"Wannan ɗan abu? Farce za ka yanke ma shi?"

Na karɓe na buɗe. Wannan karon farcen ya kama tun a farko. Ta ce ƙas, mazan da ke wurin suka matso suna kallo. Sha'aibu ya ce, "Baba ya koma saurayi." Aka yi dariya. Ban yi ba.

An riga an haƙa rami. Aka kwanto baƙar akuya, babbar cikinsu, aka kayar da ita a gefen hagu, kanta ya dubi gabas. Sha'aibu ya kama ƙafafun baya, wani ƙanen ango ya kama na gaba. Na tsuguna. Na kama haɓarta da hagu na miƙar da wuyan. Na shafa da yatsa na nemo zakaran wuyan, na tura shi sama. Jijiyar tana bugawa a ƙarƙashin yatsana.

Na kawo wuƙar kusa. Saura kamar faɗin yatsa biyu ta taɓa gashi. Na dubi tsininta. Yana zane a iska, hagu da dama, ƙanana-ƙanana. Na jira ya tsaya. Akuyar ta yi kuka, ta yi shiru. Na ji matan sun daina daka ɗaya bayan ɗaya. Na ƙara jira.

Zan iya ɗorawa. Wataƙila sau tara cikin goma ta wuce lafiya. Na yi tunanin na goman. In hannun ya zabura a tsakiya, mutum biyu ne kawai za su gani, su ma ba lalle su gane ba. Ni zan sani. Sannan da azahar a ajiye kwanuka gaban masu lodin doya da liman da dillalai, su tambayi wa ya yanka.

Na ja zoben. Wuƙar ta kwanta.

Na ce, "Ku sake ta tukuna."

Na miƙe da kyar. Iorchia ya kama hannun rigata ya ja ni bayan rumfar doyarsa, inda ba kowa sai kaji. Ya tsaya yana dubana.

Ya ce, "Hannu ne."

Na kawar da kai, ya ci gaba.

"Na sani tun ranar zakara. Shekara talatin matanka bai taɓa aiko mana kaza da gashi ba. Na duba wuya, na ga yanka biyu."

"Me ya hana ka faɗa?"

"In faɗa ma wa? Kai? Ina son kaina."

Na ce, "Sha'aibu ya iya. A ba shi."

Ya shafa kansa. "Sha'aibu mutumin kirki ne. Amma ka san mutanenka. Alhaji na tasha ba ya cin nama a gidan Kirista sai an ce Babandi. Liman haka. In suka ji wani suna, za su ce sun ƙoshi, su sha ruwa su tafi. Ranar auren yarinyana, nama ya kwana a tukunya?"

"Za su saba."

"Ba yau ba."

Daga tsakar gida wata mata ta ɗaga murya tana tambaya da Tibi, na ji sunana a ciki. Iorchia ya amsa mata da kalma ɗaya.

Ya matso ya rage murya. "Ji nan. A kawo akuya nan baya, mu uku kawai. Sha'aibu ya riƙe wuƙan nan naka. Kai ka ɗora hannu a kan nasa, ka yi bisimilla. Shi ya ja. Wuƙanka ne, bakinka ne, hannunka yana wurin. In an tambaya, Babandi ya yanka. Ina ƙarya a ciki?"

Na dubi wuƙar a tafin hannuna. A naɗe ba ta rawa sosai. Na yi tunanin Kirsimeti mai zuwa, da sunan jikan da za a haifa, da duk gidajen da za su ci gaba da aikowa a kira ni. Sha'aibu ba zai faɗa wa kowa ba, na san wannan. Zai riƙa bina gida-gida muna zagayawa bayan ɗaki, mutane suna wanke hannu da sunana. Wuyan ma ni za a riƙa kawo wa.

Iorchia ya ce, "Ba don ni ba. Don Hembadoon. Kai ma yarinyanka ne."

Na leƙa na kira Sha'aibu. Ya zo yana goge hannu a wando. Ya ga fuskokinmu, dariyar ta ɗauke. Na miƙa masa wuƙar.

Na ce, "Tana da kaifi, kada ka danna. Ɗorawa za ka yi ka ja. Zoben nan kada yatsanka ya taɓa shi. Ka tura zakaran wuyan sama kafin ka fara. Ban da gaggawa. A tsakar gida za ka yi, gaban kowa, ina tsaye."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya ce, "To, Baba." Ya dubi Iorchia, ya dube ni, ya koma wurin akuyar.

Iorchia bai motsa ba. Ya ce, "To ko a tsakar gidan ne. Ka tsuguna kusa da shi, ka taɓa hannunsa kawai. Yatsa ɗaya. Sauran ka bar mini, ni zan yi magana."

Na ce, "Wanda ya tambaya, ka turo shi wurina, in gaya masa wanda ya yanka."

"Babandi. Yatsa ɗaya."

Na ce, "A'a. Ba zan taɓa ba."